Doguwar Waifa a Gefen Suruki

Ƙanena Mannir tela ne a Gusau, kuma ya iya ɗinki, wannan ba zan hana shi ba. Amma tun yana ƙarami yake da cutar son gyara abu da kansa. Rediyon mahaifinmu shi ya kwance ta a Bungudu, ya mayar, aka ga ragowar ƙusoshi a tafin hannunsa, rediyo kuwa ba ta sake cewa uffan ba. Ni na raine shi bayan rasuwar Innarmu, saboda haka in na faɗi halinsa ba ƙage nake yi masa ba. Sunana Uwani, atamfa nake sayarwa a Bungudu.

Matarsa Nusaiba ta tafi gidansu a Tsafe haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, aka sami namiji, aka sa masa Tajuddeen. Aka yi suna, aka yi wankan jego, arba'in ya cika har ya wuce, amma maganar komawa shiru kake ji. Mahaifiyarta, Inna Yelwa, ta ɗanɗana daɗin jika ta ƙi saki. Mannir ya je da babur ɗinsa, ta ce jikanta ba zai hau babur a bakin damina ba. Ya ce to, a shiga motar haya. Ta ce motar haya kowa tari yake yi a ciki. Daga ƙarshe ta yanke magana: ko dai a zo da motar gida mai rufin kirki, ko kuwa a bar mata 'yarta da jikanta har a ci kaka.

Har kaka fa! A lokacin ko shuka ba a gama ba. Mannir ya rame, ya koma cin burodi da shayin bakin titi, yana kallon hoton yaro a waya, yana ɗinke wa mutane aljihu a baibai. Ganin haka ya sayar da babur, ya haɗa da keken ɗinki guda, ya sayo wata tsohuwar mota da ta yi rani cur a tsakar gidan wani tana shan rana. Da labari ya kai Tsafe, Inna Yelwa ta ƙaro sharaɗi. Ta ce mijinta Malam Labbo zai zauna a gaba ya rako su har Gusau. In ya ga motar ta yi masa, shi ke nan. In ya ga abin da bai yi masa ba a hanya, a juyo da mai jego, maganar kaka ta tabbata.

Malam Labbo kuwa sai na yi muku bayaninsa. Bafulatani ne mai shanu da 'yar gona a bayan garin Tsafe, dogo, siriri, ba ya rabo da rawani da malfa da sanda. Mutumin kirki ne, amma kunyar surukuta ta yi masa yawa. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa yi wa Mannir magana kai tsaye ba, sunansa ma bai taɓa kamawa ba. In Mannir ya durƙusa gaisuwa, sai ya amsa yana kallon katanga. In akwai magana, sai ya nemi na uku ya ce, "A ce mashi kaza," alhali mutumin yana tsugune a gabansa. Shi ma Mannir ta nan yake mayar da amsa. Da haka suke zaune lafiya, ba wanda ya taɓa jin kansu.

Ranar tafiya na yi sammako daga Bungudu, don ni ce zan shiga ciki in karɓo mai jego a madadin dangin miji. Na tarar da Mannir a ƙofar gidansa a Gusau ya wanke mota fes, ya ɗinka wa kujerar gaba sabuwar riga ta shadda, ya feshe ta da turare har tana sa atishawa. Yana tsaye yana kallon waifa, ƙarafan nan biyu masu roba da ke share ruwa a gilashin gaba. Rana ta gasa robar ta tsattsage kamar tsohon kilishi. A hannunsa ga sababbi guda biyu a cikin kwali.

"Ka kai ta wurin bakanike mana," na ce.

"Bakanike, Yaya? A kan roba biyu? Riƙe min wayag ga, ki ɗaga ta sosai."

A cikin wayar wani Bature ne yake sauya tasa waifar yana surutu. Mannir ya bi shi daki-daki. Ya ɗaga ƙarfen har ya tsaya cak a sama, ya danna wani ɗan maɓalli, ya zame tsohuwar robar daga ƙugiyar da ke riƙe da ita. Sai Baturen ya ce a shimfiɗa tsumma a kan gilashi, don in ƙarfen ya koma da ƙarfi babu roba a bakinsa, fasa gilashin zai yi. Mannir ya waiga dama ya waiga hagu bai ga tsumma ba. Kafin in ankara ya zare mayafina daga kafaɗa, sabon mayafin da na ajiye musamman don in ba Inna Yelwa haushi, ya ninke shi ya ɗora. Bai gama sakin hannu ba ƙarfen ya komo, fat, a kan mayafin.

"Kin gani ko? Da yanzu gilashi ya tahi."

"Da gilashi ya tahi da na hi son haka," na ce. Na karɓe abina da tabon tsatsa a tsakiya.

Da ya fito da sababbin sai muka ga ashe ba tsawonsu ɗaya ba, ɗaya doguwa ce ɗaya gajera. Ya ciro tef daga wuya ya auna su, ya auna tsofaffin, haka suke su ma. Baturen ya faɗa da bakinsa, Mannir ya fassara mini da nasa bakin: doguwar ta gefen direba ce. Amma sai na ga ya tsaya. Ya kalli doguwar, ya kalli kujerar shadda, ya sake kallon doguwar.

"Yaya, in anka aje tsoka biyu, babba da ƙarama, tsakanina da Baba Labbo, wa ka ɗaukar babba?"

"Shi mana."

"To."

"Mannir, wagga ba tsoka ba ta."

"Ki duba, Yaya. Ya za a yi dattijo ya ɗaga ido ya ga na ɗauki doguwa na bar mashi guntuwa? Kuma shi za ya yanke hukunci. In ya ga gabanshi tas, magana ta ƙare. Ni ko ta ƙarama na iya leƙawa."

Ni atamfa na sani, ban san waifa ba, na ƙyale shi. Ya maƙala doguwar a gefen suruki, gajerar a gefensa. Ya watsa ruwan buta a gilashi ya kunna a hankali. Suka tashi suka kwanta. Doguwar tana zarce gefen gilashi ta bugi ƙarfen mota, ƙwas, in ta taso kuma sai ta gogi gindin 'yar'uwarta.

"Mi ka wannan ƙara?" na tambaya.

"Sababbi na, Yaya. Za su saba da juna."

Muka isa Tsafe da hantsi. Inna Yelwa ta fito da kanta ta kewaye motar kamar mai cinikin saniya. Ta danna taya da ƙafa, ta ƙwanƙwasa rufi, ta leƙa ƙarƙashi.

"Wagga ita ta motar?"

"Ita ta, Inna," na ce. "Rufi gare ta, kamar yadda kunka ce."

Ta kalli tabon mayafina, ta kau da kai, wannan ya fi zagi ciwo. Aka shiga loda gara: buhun gero, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, sai da bayan mota ya ƙi rufuwa aka ɗaure da igiya. Aka ɗora mini ƙwaryar man shanu a cinya, aka ajiye kaji biyu ɗaurarru a ƙafata. Nusaiba ta shigo da Tajuddeen a naɗe cikin tawul, idonta ya yi ja. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Yaya Uwani, don Allah kar a juyo da ni. Ina son Inna, amma kunun kanwa ya ishe ni, gidana nika so." Inna Yelwa ta sunkuyo ta taga ta gyara wa yaro hula, ta sake gyarawa, ta kuma gyarawa. Sai ta juya mana baya tana goge fuska da bakin zane. Gaskiya ta ba ni tausayi, amma ban bari ta gani ba.

"Malam," ta ce ba ta juyo ba, "wayarka tana aljihu. In kag ga ba daidai ba, ku juyo."

Malam Labbo ya shiga gaba, ya kafa sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya ɗora malfa a cinya, ya zuba wa hanya ido. Mannir ya yi bisimilla da muryar da ko shi bai ji ba, muka ɗauki hanyar Gusau.

Ba mu daɗe da wuce 'Yandoto ba hadarin da ke bin mu daga gabas ya cim mana. Iska ta kaɗa, gari ya yi duhu da rana tsaka, ruwa ya tsuge. Mannir ya kunna waifa. Gefen Malam Labbo kuwa masha Allah, doguwar tana sharewa tun daga ƙasa har sama, kana iya ƙirga ganyen bishiya. Gefen direba gajerar ta share wani ɗan wuri can ƙasa, bai fi faifai ba. Mannir dogo ne, idonsa yana sama da wurin. Sai ya fara sunkuyawa, yana ƙara sunkuyawa, har haɓarsa ta sauka a kan sitiyari.

Malam Labbo ya saci kallonsa da gefen ido, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, a ce mashi ya saki jikinai. Ladabin ya isa hakanan."

"Mannir, Malam ya ce ka saki jiki."

"Yaya, ki ce mashi na gode," ya ce, ya ƙara nutsewa.

Ruwa ya ƙaru, kamar ana juye shi da bokiti. Mannir ya murɗa waifa zuwa mafi sauri. A nan fa sababbin suka ƙi sabawa da juna. Doguwar ta taso da gudu ta kai wa gajerar duka, ta koma ta bugi ƙarfen mota, ta dawo ta sake kai mata. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. A wani bugun gajerar ta goce daga ƙugiyarta, ta karkace, ta koma lilo a iska ba ta taɓa gilashi ko kaɗan. Doguwar ta ci gaba da aikinta ita kaɗai a gaban suruki, hankalinta kwance. Gaban Mannir ya zama fari fat, ko kan motar ba a gani.

Mai hankali tsayawa zai yi. Amma wurin daji ne, kuma kowa ya san ba a son tsayuwa a dajin nan a zamanin da muke ciki. Ban da haka, in ya tsaya ya tona wa kansa asiri, a juya Tsafe ke nan. Sai ya rage gudu ya fara karkatowa dama don ya leƙa ta gefen da ake gani. Yana karkatowa, Malam Labbo yana janyewa wajen ƙofa. Yana ƙara matsowa, dattijo yana ƙara maƙalewa, har hular Mannir ta kusa taɓa kafaɗarsa, shi kuma ya manne da ƙofa kamar zai fita ta taga. Duk wannan abin ba wanda ya kalli wani.

"Hajiya, a ce mashi akwai rami."

"Mannir, akwai ra..."

Gwaram! Muka faɗa muka fito. Ƙwarya ta yi tsalle, man shanu ya sauka a kan mayafin nan dai da ya riga ya ga tsatsa. Kaji suka ɗauki kuka.

"Hajiya, a ce mashi akwai wani."

Gwaram!

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, don girman Allah ku hwaɗa mashi da kanku. Ga shi nan kusa da ku, numfashinai ma kuna ji. Kahin saƙo ya zo baya ya koma gaba mun riga mun shiga ramin."

Malam Labbo ya gyara zaman malfarsa a cinya. "Ba a haka, Hajiya," ya ce.

Muka ci gaba a haka, shi yana gani ba ya tuƙi, wancan yana tuƙi ba ya gani, ni ina tsakiya ina dakon magana da mai a jiki. Nusaiba ta rungume yaro tana ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Mun kusa Kwatarkwashi, dutsen ya fara bayyana baƙi ƙirin ta cikin ruwa, sai na ji ƙarƙashin mota yana taka wani abu, ƙaras-ƙaras. Rassan bishiya ne, irin waɗanda direbobi ke jerawa a titi in babbar mota ta lalace a gaba.

"Hajiya, a ce mashi..." Malam Labbo ya fara. Sai ya saki sanda, ya dafa gaban mota da hannu biyu, ya kurma ihu da muryar da yake kiran shanu da ita daga nesa.

"Mannir! Birki!"

Mannir ya taka. Motar ta ja ƙafa, ta yi gefe, ta tsaya. Da doguwar waifa ta sake sharewa sai ga bayan tirela a gabanmu, kusa ƙwarai, har ina iya karanta rubutun da ke jikinta. Kaza ɗaya ta tsinke ta haye kan kujerar shadda. Tajuddeen ya farka ya tsala kuka. Ni kuwa na ji tsoron da ban taɓa ji ba, salati ma a rarrabe yake fita. Ba wanda ya yi dariya a lokacin.

Mannir ya sauke gilashin gefensa, ya fitar da kai cikin ruwa, ya lallaɓa ya kewaye tirelar, ya gangara bakin garin inda rumfunan masu sayar da rake suke. Ya kashe mota. Malam Labbo ya buɗe ƙofa ya fita, ruwa yana dukansa, ya tsaya a gaban mota yana kallon waifa. Ya kalli wadda ke lilo, ya kalli doguwar da ta zarce gefen gilashi. Mannir ya fito ya zagayo ya tsuguna a cikin taɓo. Na sauke tagata don kada a neme ni a rasa.

"Hajiya, a tambaye shi. Mi yas sa wagga tah hi waccan tsawo?"

Ban kai ga buɗe baki ba Mannir ya amsa, kansa a ƙasa.

"Baba, doguwar ta direba ta. Na sani. Ni nas sauya su da sahe."

"Don mi?"

"Na ga ku za ku zamna nan. Ban iya ɗaukar babba in bar muku ƙarama ba."

Ruwa yana bin rawanin Malam Labbo yana sauka ta gemu. Waya ta fara ƙara a aljihunsa, duk mun san mai kira, bai ko taɓa ta ba har ta gaji ta katse. Da ya tashi magana bai kalli katanga ba, don babu katanga, bai kuma neme ni ba. Ya kalli Mannir, kuma ransa a ɓace yake.

"Ni mi zan gani? Na san hanyar Gusau tun muna kora shanu bisanta da ƙahwa. Ko an rufe min ido na san inda Kwatarkwashi take. Ɗiyata da jikana ba cikin idona suke ba, yaro, cikin naka suke. Ka ba ni ido ka bar kanka makaho, da mun shige ƙarƙashin motar can, girmamawar taka wa za ta amfana?"

"Ku yi haƙuri, Baba."

"Tashi ka maida kowace wurinta."

Mannir ya tashi. Babu damar fito da waya a cikin ruwan nan, dole ya yi da ka. Ya ɗaga ƙarfen gefen suruki, ya lalubi maɓallin, yatsunsa suna zamewa, da ƙyar ya zare doguwar. Sai ya tuna da maganar tsumma, ya waigo wajena. Na ƙanƙame mayafina na harare shi. Ko ba komai abin da ya rage na mutuncinsa zan kai gida.

"Mi kaka nema?" in ji Malam Labbo.

"Abin da za a aza bisa gilashi, Baba. In ƙarhen ya koma ba roba, hwashewa za ya yi."

Dattijon nan ya kai hannu ya warware rawaninsa, ya ninke shi, ya shimfiɗa a kan gilashi. Ya kama ƙarfen da hannu ɗaya ya riƙe gam, ya miƙa ɗaya hannun cikin mota ya ɗauko malfa ya kifa wa Mannir a ka don ruwa ya daina shigar masa ido. Shi kuwa ya tsaya da 'yar hula, furfura duk a waje. Nusaiba ta leƙa ta tsakanin kujeru ta toshe baki. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin babanta a waje ba rawani ba. Dariya take yi hawaye yana zuba, ita kanta ba ta san wanne take yi ba.

Mannir ya cire gajerar, ya duba ya ga ba ta karye ba. Ya zura doguwar a ƙugiyar gefen direba ya ja har ta ce ƙas. Ya zagaya ya sa gajerar a gefen suruki, ita ma ta ce ƙas. Masu rake sun fito bakin rumfa suna kallo, kowa yana ba da shawara, ba wanda ya yarda ya jiƙe. Suka kwantar da ƙarafan a hankali, suka shigo sharkaf. Malam Labbo ya kori kaza daga kujerarsa ya zauna. Mannir ya kunna. Waifa suka tashi tare suka kwanta tare, ba duka ba ƙara, gaban direba ya buɗe har sama. Ya miƙe zaune sosai a karon farko tun daga 'Yandoto.

Sai waya ta sake ƙara.

Mannir bai sa giya ba, ya riƙe sitiyari yana jiran a ce masa gaba ko baya. Malam Labbo ya lalubo wayar ya kara a kunne. Muryar Inna Yelwa ba ta buƙatar a ƙara mata sauti, duk muna ji.

"Malam! Ruwa anka yi nan kamar da bakin ƙwarya. Kuna ina? Ya motar?"

"Motar tsohuwa ta. Tana yoyo ta ƙasa, ƙahwata cikin ruwa take."

"Na hwaɗa! To ku juyo."

"Direban ma da sauranshi."

Na ga wuyan Mannir ya lanƙwashe. Nusaiba ta damƙe hannuna har ya yi zafi.

"To mi kuka jira? Na ce ku juyo!"

"Ke dai ki naɗe tabarmar jego ki aje," in ji Malam Labbo. "Gusau za mu."

Ya sauke wayar yana neman inda ake kashewa bai samu ba, Inna Yelwa tana ta faɗa a tafin hannunsa. Ya miƙo wa Nusaiba baya ya ce ta rufe mata baki. Daga nan har Gusau ba a sake cewa "a ce mashi" ba, don ba a sake shiga rami ba.

Muka isa ruwa ya ɗauke, rana ta fito. Aka sauke gero da daddawa, Nusaiba ta shige ɗakinta tana ta buɗe tagogi tana faɗan ƙurar da ta tarar. Na yi na yi da Malam Labbo ya shiga ya ci abinci, ya ce ina, a gidan suruki? Tasha zai nufa ya sami motar Tsafe tun da sauran rana. Ya karɓi Tajuddeen a ƙofar gida, ya kalle shi, ya ce masa ya yi sauri ya girma ya zo kiwo. Ya miƙo mini shi. Ya naɗa jiƙaƙƙen rawaninsa, ya karɓi malfarsa, ya ɗauki sanda. Mannir ya tsuguna a gabansa.

"Hajiya, a ce mashi..." ya fara, bakin ya riga ya saba. Sai ya tsaya. Ya juyo ya dubi Mannir sosai.

"Mannir. Ga su nan, na bar maka. In abu naka na, don ka tsare su da shi, kar ka ba kowa. Ko ni na."

Idon Mannir ya cika da ƙwalla. Sai ya waigo wajena kamar lokacin da yake ƙarami in an tambaye shi abin da ya fi ƙarfinsa.

"Yaya," ya ce, "ki ce mashi..."

Na buɗe baki in isar da saƙon da bai ƙarasa ba, ni ma ya ƙi fita. Haka muka tsaya mu uku a ƙofar gida, har kazar Inna Yelwa ta ga ƙofar mota a buɗe ta dire ta miƙe titi, Mannir ya tashi ya bi ta da gudu.